Hotunan Baba Sun Riga Mu Fita

Litinin

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar nan taki, ta daina kumbura? Yaya kunnen kuma? Sabon abin jin da aka saka miki yana taimakawa, ko shi ma ƙara kawai yake cika miki kai? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Tunda kin ce in daina kiranki a waya don rabin maganar ɓacewa take yi, ga ni zaune a kan kantar shagon Baba ina rubutu. In na gama zan ɗauki hoton takardar in turo miki. Ki yi haƙuri da rubutun, biron Baba ne, sai an lallaɓa shi kamar mai shi.

Likita ya tsayar da ranar Alhamis. Idon dama dai kin san ya riga ya tafi, na hagun za a yi wa aiki. Bai ɓoye mana komai ba: ya ce ana iya tsare ɗan ganin da ya rage, ana kuma iya rasa shi a kan gadon aikin, amma in aka bar shi haka tafiya zai yi ko ba a taɓa ba. Baba ya saurara, ya yi godiya, sannan ya gaya wa likitan cewa fitilar ofishinsa tana dukan fuskar mutane ta inda bai kamata ba. Kin dai san halinsa.

Shagon kuma ƙarshen wata za mu miƙa makulli. Kin tuna akwatunan nan na ƙarƙashin benci a ɗakin wankin hoto, waɗanda marigayiya Mama ke kira unguwar kyankyasai? Hotunan da aka ɗauka ba a dawo an karɓa ba ne, wasu tun ba a haife mu ba. Ban iya zubar da su ba, gidana kuma ba wuri. Sai na yi shawara da Injiniya, matar nan da ke haya a saman shagon, wadda ke haɗa wa mutane shafin intanet. Watannin nan duk da na tashi daga makaranta nan nake zuwa in yi ta ɗaukar su a sikana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta. Nufina a ɗora su a shafi, wanda ya ga nasa ko na iyayensa ya zo ya karɓa.

Baba bai so ba da farko. Ya ce hoton da ba a karɓa ba amana ne, ba kayan ado ba. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗi guda: ba idon da zai ga shafin sai nasa ya gani, a faɗaɗa masa kowane hoto a allon kwamfuta, ya ce wannan a bari, wannan a cire. Na yi masa alkawari. Na ce to mu fara dubawa tun yanzu, ya ce a'a, shi ba ya yanke wa hoto hukunci yana cikin ruwan wanki, sai ya bushe an rataye shi. Yana so ya ga abin daidai yadda mai wucewa zai gan shi.

Yau na sayi sunan shafin, abin da su Injiniya ke kira domen. Da kin ga rigimar da aka sha! Baba so yake a sa "Gidan Hoto na Zamani da Wankin Fim da Gyaran Tsofaffin Hotuna". Na ce Baba, kafin mutum ya gama rubuta wannan cajin wayarsa ya ƙare. Na sa sunan da duk layin nan ke kiransa da shi, Kar-ka-motsa. Ya yi ta ƙunƙuni wai an mai da shi abin wasan yara, amma na gan shi yana murmushi da ya juya baya.

Injiniya ta yi tafiya, ta bar mini matakan a rubuce. Ina gama saye ɗoki ya hana ni haƙuri, na rubuta sunan in gani. Sai ga shafin kamfanin da ya sayar mini, an ce an sayi wannan suna, da hoton wata mata da ban sani ba tana ta washe haƙora. Baba ya matso da idonsa har hancinsa na taɓa allo, ya ce wanda ya ɗauki hoton nan bai ji tsoron Allah ba, haske ya ƙone mata goshi.

Bayan nan ne na yi mataki na biyu, na nuna wa sunan inda hotunanmu suke. Aka rubuto mini cewa zai ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya isa ko'ina. To tunda bai isa ko'ina ba, na ɗora hotunan duka, don da zarar ya buɗe mu zauna da Baba mu tace. Addu'ata kawai ya buɗe kafin Alhamis. Yaya, ba na son a rufe idon nan bai ga aikinsa a rataye ba.

Ga sunan nan na rubuta miki a ƙasan takarda, ki adana. Ba abin da za ki gani yanzu sai mai haƙoran nan.

Ki gaida maigidan da yara, ki ce wa ɗanki Sarkin Surutu ina nan ina jiran wasiƙar da ya yi mini alkawari.

Taki har kullum,
Auta


Laraba

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma jikin da sauƙi. Na ga saƙonki jiya da safe, ban iya amsawa ba sai yanzu. Kada ki ɗauka fushi na yi. Ba ki yi laifin komai ba, ni ce na ce miki ba abin da za ki gani.

Da na karanta cewa kin buɗe kin ga hotuna, har kin ga Mama a tsaye bayan wata amarya kin yi kuka, sai na ce ko mafarki kike ba ni labari. Na duba wayata, mai haƙora. Na duba kwamfutar shago, mai haƙora. Wayar Baban yara, ita ce dai. Sai na kai ƙarshen saƙon, inda kika ce kin tura wa zauren tsofaffin maƙwabtanmu na waya don su ma su sha kallo.

Na haura sama na sami Injiniya, ta dawo ko jakarta ba ta kwance ba. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani, bari in gaya miki yadda na fahimta. Ashe kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Duk kamfanin layi yana da wata na'ura mai aikin tambaya. In ka rubuta suna, ita ke zuwa ta tambayo: wa ke riƙe da sunan nan, kuma wace lamba ce tasa? In ta samo amsa sai ta riƙe ta na wani lokaci da aka ƙayyade, duk wanda ya sake tambaya ta ba shi ita, ba ta komawa ta sake bincike sai wa'adin ya cika. Wannan tsarin shi suke kira DNS. Ta ce mutane na cewa suna yana yaɗuwa, alhali ba tafiya yake gari gari ba. Tsohuwar amsa ce ke ƙarewa, a nan yau, a can gobe.

Ni da na yi gaggawar tambaya tun kafin in nuna wa sunan hanya, na'urar layinmu ta haddace amsar farko, ta kafe a kanta. Wayata da ta Baban yara da intanet ɗin shago kuwa duk kamfani ɗaya ne. Ke da ba wanda ya taɓa tambayar sunan a layinku, ana tambaya aka ba ku sabuwar amsa. Sauri ya haifi nawa ke nan. Injiniya ta ce kafin ya isa ko'ina ɗin nan, nufinsu kafin ya game duk wurare. Ni kuwa na karanta shi a kan babu inda zai je. Kalma ɗaya, Yaya.

A take ta rufe hotunan, wannan bai ɗauki lokaci ba tunda suna hannunmu. Amma wanda ya riga ya ajiye a wayarsa fa? Magana zarar bunu ce.

Na sauko na gaya wa Baba. Da ma faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya yi ta goge gilashin tsohuwar kyamararsa da ba abin da ya same shi. Can ya tambaye ni ko na ɗora har da na ƙaramin akwatin nan mai murfin kwano. Na ce har da su. Ya ce Allah ya sa mu dace.

Wayar shago ta yi ta ƙara. Yawanci murna ce. Wani dattijo ya ga kansa da gashi, ya ce matarsa ta ƙi yarda shi ne. Wata ta ga mahaifinta da ba ta da hotonsa ko ɗaya. Duk wanda ya kira sai in kalli Baba ko zai saki fuska, bai saki ba. Kunnensa na ga ƙofa.

Da hantsin yau ta zo. Wata dattijuwa ce, doguwa, da sanda. Ta yi sallama ba ta zauna ba, ta ce, "Malam mai hoto, ka gane ni?" Baba ya miƙe tsaye ya ce muryar ya gane.

Labarin da ban taɓa ji ba ke nan, ban sani ba ko ke kin san shi. Tana yarinya ta haifi ɗanta na fari da ciwo. Da ta ga jikin ba na tashi ba ne, ta goyo shi ta kawo Baba ya ɗauke su tare. Kafin a wanke hoton yaron ya rasu. Daga baya Baba ya gamu da ita a hanya ya ce hotonta na nan. Ta ce kada ya kawo mata, kada ya nuna wa kowa, kada kuma ya ƙona. Ya ce ya ji. Ta sake aure, ta yi wasu 'ya'yan, ba ta taɓa gaya musu suna da wa ba. Jiya 'yarta ta shigo mata da waya tana dariya, wai Mama ga ki nan kina yarinya, ɗan wa kika riƙe?

Dattijuwar ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa maganar ta fi shiga. Ta ce, "Ni na zaɓi ranar da zan binne shi a cikina. Ku kuka zaɓar mini ranar da zan tono shi. Da hannuna zan gaya wa 'ya'yana in na ga dama, ba waya ce za ta gaya musu ba."

Na buɗe baki in ce ni ce, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya ce da ita, "Ni kika ba amana, ba yarinya ba. Ni na kasa. Ki yafe mini don Allah." Ya ce in ɗauko hoton da fim ɗinsa. Na ɗauko, ya karɓa ya miƙa mata da hannu biyu.

Na zaci jaka za ta jefa shi ta fita. Sai ta tsaya tana kallo, ta daɗe. Hoton baƙi da fari ne. Ba tare da ta ɗago ba ta ce ta manta launin hular da ke kansa, ta yi ta ƙoƙarin tunawa shekara da shekaru. Baba ya ce koriya ce, saƙar hannu, ta yi masa yawa, sau biyu tana gyara masa ita kafin a ɗauka. Ta rufe bakinta da mayafi. Ta juya ta fita ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Baba bai ci abincin rana ba. Na ce ga wayar Injiniya, layinta daban ne, a buɗe masa shafin shi kaɗai ya gani kafin gobe. Ya ce yau dai ya ga abin da zai gani.

Abin da ke cina, Yaya, duk hankalina na kan idon Baba, in ga ya ga aikinsa. Ban tsaya na yi tunanin cewa kowane hoto a akwatin nan akwai dalilin da ya hana a dawo karɓarsa ba. Ni na ɗauka duk mantuwa ce.

Gobe da safe za mu asibiti. Ki sa mu a addu'a, ki sa yara ma su yi.

Ƙanwarki,
Auta


Talata, bayan aikin ido

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidan da ya yi ta kiran Baban yara yana tambayar jiki, Allah ya saka masa da alheri. Yaya ƙoƙari, yaya yara? Na ga kin ce ba kya iya cin abinci tun ranar. Don Allah ki ci. Baba ya ce in gaya miki wanda ya ga mahaifiyarsa ya nuna wa maƙwabta bai yi abin kunya ba.

An yi aiki, an buɗe idon jiya. Alhamdu lillahi bai tafi duka ba. Yana ganin haske, yana gane mutum in ya tsaya kusa, yana bambanta ƙofa da bango. Fuska dai a cikin hoto ba ya iya rabe ta, likita kuma ya ce kada mu sa rai da yawa. Baba ya ce ba komai, da ma ya gaji da ganin fuskar Baban yara.

Kin san lokacin da shafin ya buɗe a wayata? Ranar Alhamis ɗin, ina zaune a bencin asibiti, an shiga da shi. Hannuna ne kawai ya saba, na danna, sai ga sunansa a sama da manyan baƙaƙe, mai haƙora ta tafi. Ƙasa kuma fili fetal, tunda mun rufe hotunan. Na zauna ina kallon sunan Baba a kan farin allo, ban san dariya zan yi ko kuka ba. Wata mata da ke kusa da ni ta miƙo mini ruwa.

Na yi niyyar a goge shafin gaba ɗaya. Baba ne ya hana. Ya ce wadda ta ga mahaifinta ita ma tana da haƙƙi, ba za a hukunta ta da laifinmu ba. Yanzu ga yadda muke yi. Da yamma in kai shi shago, ya zauna a kujerar da yake zaunar da mutane, in ɗauko hoto in faɗa masa abin da nake gani: mutum biyu da keke, labulen baya mai hoton kogi, ɗayan ya ɗora ƙafa a kan feda. Sai ya ce af, waɗannan ai kanikawan bayan layi ne, keken ma aro suka yi, ɗora shi a shafin. Wani kuma tun ban gama ba zai ce mai da shi akwati. Ba na tambayar dalili. Wanda bai tuna ba, mu ajiye shi gefe, mu rubuta a shafin cewa duk wanda ya san an taɓa ɗaukarsa a nan ya zo da kansa. Aikin na tafiya a hankali, ba za mu gama kafin ƙarshen wata ba. Baban yara ya kwashe tarkacensa daga ƙaramin ɗaki, can akwatunan za su koma.

Sai dai tun ranar Laraba Baba bai koma cin abinci yadda ya saba ba. Cokali biyu uku ya ture. Na ɗauka ciwon ne, ashe ba shi ba ne.

Shekaranjiya 'yar dattijuwar nan ta zo gida, ita da ta kai wa uwar waya. Mace ce mai hankali, ta girme ni. Ta gaida Baba da jiki, sannan ta ce uwarsu ta kulle hoton ta hana kowa gani, ita kuma wanda ta gani a waya bai ajiyu ba kafin mu rufe. Ta san akwai shi a kwamfutata. Ta roƙi a ba ta, ta ce wanta ne, tana so ta san fuskarsa. Tana magana tana hawaye. Yaya, ni zuciyata ta riga ta ba ta.

Baba ya ce, "'Yata, kina da gaskiya, amma ba nawa ba ne da zan bayar. Ki koma wurin mahaifiyarki, ki bi ta a hankali." Ta ƙara roƙo, ya ƙara ba ta haƙuri. Sannan ya sa na goge shi daga kwamfutar a gabanta. Ta tafi ranta a ɓace, ko rakiyata ba ta tsaya ba. Ni ma ranar ban yi wa Baba hira ba, don gani nake an yi mata tsauri. Har yanzu ban gama sanin wa ya fi gaskiya a cikinsu ba.

Yau muna shago wayar da ke kan kanta ta yi ƙara. Na ɗauka, na ji muryar dattijuwar nan, na miƙa masa. Da yake yana ƙara sautin waya sosai, na ji duk abin da ta ce, kuma ba shi da yawa. Ta ce, "Malam mai hoto, an ce ka hana ta." Ya ce ya hana. Sai ta ce, "To. Zan nuna musu da kaina in na shirya. Yaya idon?" Ya ce da sauƙi. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ajiye.

Baba ya daɗe riƙe da kan wayar. Da ya mayar da shi, sai ya tambaye ni ko abincin da na zo da shi ya huce. Na ce ya huce. Ya ce in kawo haka nan. Ya cinye tas, har ya tambaya ko da saura.

Ki yi ƙoƙari ki zo kafin mu miƙa makulli, ko na kwana biyu ne. Akwai hotunan da na kasa kwatanta masa, ke da kika girme ni wataƙila ki san mutanen. Ki gaida kowa da kowa. Baba na gaishe ki, yana sa miki albarka.

Taki mai ƙaunarki,
Auta